Shaidar Bango: Zanen Aborijin a Jami'o'in Ostareliya

Jami'ar Sidni ita ce yayar dukan jami'o'in Ostareliya, gama tun shekarar 1850 aka kafa ta, kuma waɗanda suka gina ta ba su ɓoye nufinsu ba ko kaɗan: so suke duk wanda ya hau tudun nan, ya ɗaga kai ya dubi hasumiyar agogo da dogayen tagogi da farfajiya mai kusurwa huɗu, ya zaci a ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in Ingila yake, ya mance cewa tsakaninsa da Ingila akwai tafiyar watanni a kan teku. Dutsen da aka yi ginin da shi na ƙasar ne, a nan kusa aka faso shi, amma siffar da aka ba shi baƙuwa ce. Kuma duk ƙawar da masassaƙa suka yi wa bangon, ta tamburan sarauta da kawunan dodanni, ba a yi ta domin a sanar da mai wucewa cewa tudun yana da masu shi tun kafin a san akwai wata ƙasa wai ita Ingila ba. Masu shi kuwa su ne Gadigal, ɗaya daga cikin zuriyoyin da suka zauna a gaɓar tekun Sidni, waɗanda akan haɗa su a kira su Eora. A yau, bayan shekara fiye da 170, wanda ya ratsa harabar zai tarar da wani irin rubutu dabam a jikin sababbin gine-gine, bango da aka rina da jar ƙasa, kalma ta harshen mutanen wurin a sassaƙe a goshin gini. Haka kuma al'amarin yake a Melbon da Birisben da Kanbera da sauran biranen da ke da jami'a. Mai gaggawa zai kira wannan ado ya wuce. Amma a wurin mutanen da fasahar ta fito daga gare su, zane shaida ce ta haƙƙin ƙasa, jami'ar da ta yarda aka yi shi a bangonta kuwa ta yi iƙrarin bashi ke nan a gaban jama'a, ko ta san nauyin abin da ta amsa ko ba ta sani ba.

Aborijin, wato 'yan asalin babbar ƙasar, suna cikin al'ummomin da suka fi daɗewa a wuri guda a bayan ƙasa. Masu tonon kufai da suka bincika wata mafakar dutse mai suna Madjedbebe, a arewacin ƙasar, sun ƙiyasta a rahotonsu na 2017 cewa mutane sun zauna a wurin tun shekara 65,000 da suka shige, kuma a cikin abin da suka tono har da gutsattsarin jar ƙasa da aka goga, irin wadda ake zane da ita. Sa'ad da jiragen Ingila 11 suka sauke fursunoni da sojoji a gaɓar Sidni cikin watan Janairu na 1788, harsunan da ake magana da su a ƙasar sun haura 250, kowanne da jama'arsa da iyakokinsa da shari'arsa. Shekara guda bayan saukar baƙin annobar agana ta faɗa wa mutanen gaɓar, ta kashe abin da ake ƙiyastawa ya kai rabinsu ko ya fi, har Turawan da suka rubuta labarin suka ce sun riƙa tarar da gawawwaki a bakin ruwa da ƙarƙashin duwatsu babu mai binnewa. Abin da cuta ta rage, bindiga da kora da ƙwace 'ya'ya suka bi ta kansa ƙarni da rabi. Amma mafi tsawon rai a cikin zaluncin, a ganina, shi ne wanda aka yi da alƙalami, domin shari'ar Ingila ta ɗauki ƙasar duka a matsayin mawata, wadda ba ta da mai ita, wadda duk wanda ya fara raya ta shi ke da ita; da wannan hukunci aka halatta wa gadon sarautar Ingila kowane taƙi, ba ciniki, ba yarjejeniya, ba diyya, kuma daga cikin abin da aka halatta ɗin nan ne gwamnati ta yanka wa jami'a filinta.

Su kuwa waɗanda aka ce ba su da ƙasa suna da takardun ƙasarsu, baƙin ne dai ba su iya karanta su ba. A itiƙadin mutanen hamadar tsakiya, a farkon zamani waɗansu kakanni masu siffar mutum da ta dabba a lokaci guda sun ratsa ƙasa, inda suka yada zango rijiya ta ɓulla, inda suka gwabza dutse ya tsaya, suka kuma bar wa zuriyarsu waƙa da rawa da zane na kowane zango, tare da hukunce-hukuncen aure da gado da farauta. Wannan duka shi suke kira Tjukurrpa. Zanen yana da haruffansa. Da'ira cikin da'ira wuri ne, ko rijiya ko masauki. Layin da ya haɗa su hanya ce. Alama mai siffar kofaton doki mutum ne a zaune, gama haka gurbin mai zama yake fita a kan rairayi. Sawun kangaru dabam, sawun tsuntsun emu dabam. Wanda ya sani yakan dubi zanen ya gaya maka inda ruwa yake a tafiyar kwana da kwanaki. Ilmin kuma yana da zahiri da baɗini: akwai abin da ake nuna wa yara da baƙi, akwai wanda bai halatta ba sai ga wanda aka shigar da shi, na maza dabam na mata dabam, kuma ba a danƙa wa mutum shi gaba ɗaya, sai daki-daki gwargwadon shekarunsa da amanarsa. Babu mai zana labarin da ba nasa ba. A wurin Warlpiri, alal misali, kowane labari yana da kirda, waɗanda suka gaje shi ta wajen uba, da kurdungurlu, waɗanda suka dangance shi ta wajen uwa, su ne masu sa ido a kan aikin su gyara kuskure. Almajirin da ya san ma'anar ijaza da silsila ba zai sha wuyar gane wannan tsari ba, gama a nan ma ƙwarewar hannu ba ta isar wa mutum sai an san daga wa ya karɓa, wa kuma ya yi masa izini.

A kan rairayi ake zana wannan ilmi, da jikin mutum, da garkuwa, da bangon kogo, na rairayin kuma a shafe shi idan biki ya ƙare. Yadda ya hau bangon makaranta kuwa labari ne da ya cancanci a tsaya a kansa. Papunya sansani ne da gwamnati ta gina a ƙarshen shekarun 1950, kimanin kilomita 240 arewa maso yamma da garin Alice Springs, ta tara a cikinsa mutum fiye da 1,000 daga ƙabilu dabam-dabam, Pintupi da Luritja da Warlpiri da Anmatyerr da Arrernte, waɗansunsu ba su daɗe da fara ganin Bature ba, da nufin a narkar da su cikin rayuwar Turawa har su mance da asalinsu. Wuri ne na cuta da baƙin ciki da yawan mace-mace. A farkon 1971 wani malamin zane, Geoffrey Bardon, ya zo koyarwa a makarantar sansanin, ya lura yara suna zana da'irori da sawaye a ƙasa da yatsa idan suna wasa, sai ya nemi a mayar da irin wannan a bangon makaranta. Abin ya fi ƙarfin yara, domin ba huruminsu ba ne. Manya ne suka karɓi aikin: Billy Stockman Tjapaltjarri da Long Jack Phillipus Tjakamarra, waɗanda ke aikin kula da harabar makarantar, da Kaapa Tjampitjinpa wanda ya ja gaba, bayan Old Tom Onion Tjapangati, mai riƙe da labarin Tururuwar Zuma, ya ba da izini. Ita tururuwar zuma takan tara zaƙi a cikinta har ya kumbura, mata ke haƙo ta daga ƙarƙashin ƙasa, Papunya kuwa a kan mahaɗar hanyoyin kakanninta take, saboda haka labarin ya shafi kusan kowa a sansanin. Aka yi ta shawara a kan abin da zai fito fili da abin da za a sakaya, aka gyara zanen fiye da sau ɗaya, kafin a kammala shi a tsakiyar shekarar. Dattawan da aka mayar masu bin layin abincin gwamnati suka tsaya a gaban ginin hukuma suna ganin shari'arsu a rubuce a jikinsa, ƙato-ƙato, inda kowane yaro zai gani safe da yamma.

Daga nan maza suka duƙufa ga zane a kan duk abin da ya zo hannu, ko guntun katako ko ragowar kayan gini, a 1972 kuma suka kafa kamfaninsu, Papunya Tula, wanda har yau yana aiki kuma mallakar masu zanen ne. Zanen ɗige-ɗigen da duniya ta san Ostareliya da shi daga nan ya yaɗu, har ta kai a 2007 an sayi wani aiki na Clifford Possum Tjapaltjarri mai suna Warlugulong a kan dalar Ostareliya miliyan 2.4. Bangon da ya haifi wannan duka fa? A 1974 aka zo gyaran makaranta, aka bi shi da fenti aka shafe, hotuna kaɗai suka rage. Warlpirin garin Yuendumu sun fi su sa'a: wajen 1984 dattawa 5 suka zana ƙofofi 30 na makarantar garinsu, domin yaran da ke koyon baƙaƙen Turanci su riƙa shiga aji ta cikin labarin ƙasarsu, ƙofofin suka sha rana da ƙura da rubuce-rubucen yara shekara da shekaru, sa'an nan a 1995 gidan tarihi na birnin Adelaide ya karɓe su ya adana. Ba banza ba makaranta ta zama wurin farawa a garuruwan nan biyu. A nan ake raba yaro da harshen uwarsa, a nan kuma dattawa suka ga ya wajaba su kafa alama.

Cewa zane hujja ne, ba ƙawata zance na yi ba, a zauren majalisa da gaban alƙalai aka tabbatar da shi. A 1963, da gwamnati ta yanki ƙasar Yolngu ta Yirrkala ta ba masu haƙar ma'adinin alminiyon ba tare da ta shawarce su ba, sai suka rubuta koke da harshensu da Turanci, suka manna shi a kan ɓawon itace, suka kewaye rubutun da zanen zuriyoyinsu, suka aika wa majalisar dokoki a Kanbera. Rubutun na Turawa ne, zanen kuwa shi ne tambarin da ke nuna masu magana suna da ikon yin ta. Sun faɗi a kotu a 1971, amma shari'ar tasu ce ta share hanyar dokar haƙƙin ƙasa ta 1976 a Yankin Arewa. A 1997 kuma mutanen Babbar Hamadar Rairayi ta yamma, da aka nemi su kawo bayyinar cewa ƙasar da suke da'awa tasu ce, alhali kuwa yawancinsu Turanci bai zauna a bakinsu ba, taswirar Turawa kuma ba ta san sunayen rijiyoyinsu ba, sai su fiye da 40 suka taru suka zana ƙyalle guda mai mita 8 a faɗi da 10 a tsawo, wanda ake kira Ngurrara. Ranar ba da shaida kowa ya taka ya tsaya a kan yankinsa na zanen, ya faɗi sunan wurin da na waɗanda ya gada. Bayan shekara 10 aka tabbatar musu da haƙƙinsu.

Abin da ya sa aka saurare su ma, a wata jami'a aka shuka shi. Eddie Koiki Mabo mutumin tsibirin Mer ne, daga tsibiran mashigin Torres, waɗanda al'umma ce dabam da Aborijin ko da yake hukunci ɗaya ya danne su. Gadina ne a Jami'ar James Cook da ke Townsville, yana ban ruwa yana yankan ciyawa, idan ya sami sarari kuma ya shiga ɗakin karatu ya duba abin da Turawa suka rubuta a kan mutanensa. Wata rana a 1974, yana hira da malaman tarihi biyu, Henry Reynolds da Noel Loos, yana ba su labarin gonar da ya gada a Mer, sai suka sanar da shi cewa a shari'ance gonar ba tasa ba ce, ta gwamnati ce. Bai yarda ba. A 1982 shi da 'yan'uwansa suka shigar da ƙara, aka shekara 10 ana tafka ta, ya rasu a watan Janairu na 1992, ranar 3 ga Yuni na shekarar kuma Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 1, ta rushe hukuncin ƙasa marar mai ita. A 2008 jami'ar ta sa wa ɗakin karatun sunansa.

Sai dai kuma, sa'ad da wata jami'a take buɗe wa gadina littattafanta, waɗansu na riƙe da wani abu dabam a ɗakunan ajiya, wanda duk mai son fahimtar zanen bangon yau dole ne ya san da shi. Jami'ar Melbon, wadda aka kafa a 1853 a kan ƙasar Wurundjeri, ta tara ƙasusuwan Aborijin na mutum wajen 800 waɗanda wani mai suna George Murray Black ya tono daga kaburburan bakin kogin Murray, ya aiko wa sashen nazarin jikin ɗan Adam. Kakannin mutane ne, waɗanda jikokinsu ke raye, aka jera ƙoƙunan kansu ana awo domin a kafa hujjar fifikon wani jinsi a kan wani. Sai a 1984 wani dattijon Gunditjmara, Jim Berg, ya kai jami'ar kotu aka raba ta da su, a shekara mai bi kuma aka binne 38 daga cikin irin waɗannan mamata a lambun Kings Domain a tsakiyar birnin. Duk da haka a 2002 aka sake gano wani tarin na ɗaruruwan ƙasusuwa a jami'ar, wanda ake dangantawa da Farfesa Richard Berry, mutumin da sunansa ya daɗe a goshin wani gini kafin ƙorafin ɗalibai ya sa a cire shi. A Sidni kuwa shekara 116 ta shige tsakanin kafa jami'ar da ranar da Charles Perkins, ɗan Arrernte da Kalkadoon, ya karɓi digirinsa a 1966, ya zama namiji na farko cikin Aborijin da ya kammala jami'a. Shi ne kuma a 1965 ya ja ɗalibai kimanin 30 a motar safa suka zaga garuruwan karkara irin su Walgett da Moree, inda ake hana yaran Aborijin shiga tafkin wankan gari, suka tsaya a ƙofa ana jifansu har duniya ta gani. Jami'a ta daɗe tana nazarin waɗannan mutane kafin ta yarda su zauna a kan bencinta. A 2024 Jami'ar Melbon ta buga wani babban littafi, Dhoombak Goobgoowana, inda malamanta da masana Aborijin suka bayyana wannan tarihi ba tare da sakayawa ba, kuma a wurina littafin nan da zanen bango abu guda ne, ɗayansu ba ya cika sai da ɗayan.

To, mu koma ga bangon Sidni. A 2018 Dale Harding, wanda ya fito daga zuriyoyin Bidjara da Ghungalu da Garingbal na tsakiyar jihar Queensland, ya yi wa jami'ar ayyuka uku a ƙarƙashin suna guda mai ma'anar ƙashin baya, a cikinsu har da zanen bango a zauren ginin kimiyyar halittu da ƙasa, da wani bango na waje da ya rina da jan ma'adinin ƙarfe. Ƙashin bayan da yake nufi shi ne jerin tsaunukan da ya miƙe a gabashin ƙasar, wanda ya haɗa dutsen Sidni da na ƙasar kakanninsa, inda a kwazazzabon Carnarvon ake ganin dubban tafukan hannu a jikin dutse, waɗanda aka fitar ta hanyar ɗora hannu a fesa masa jar ƙasa da baki. Abin da ya burge ni a nan shi ne hikimar zaɓin: dutsen da magina suka tilasta wa siffar Ingila, shi ɗin ne dai allon da mutanen ƙasar suka yi rubutu a kansa tun fil azal. A shekarar kuma Robert Andrew, jikan Yawuru na can yammacin ƙasar, ya sa kalmar Garabara a fuskar ginin kimiyyar zaman jama'a, kalmar da ke nufin taron rawa da waƙa a harshen Sidni. Bayansu Judy Watson, 'yar Waanyi, ta kafa a bakin ginin koyon aikin lafiya wani babban aiki na ƙarfe mai siffar jakar saƙa irin wadda matan wurin ke rataya wa. Harshen da ake ɗebo waɗannan kalmomi daga cikinsa ya kusa shiru gaba ɗaya, kuma babban abin da ya tsirar da shi waɗansu 'yan littattafai ne na wani hafsa masanin taurari, William Dawes, wanda tsakanin 1790 da 1791 ya zauna yana rubuta abin da wata budurwa 'yar ƙasar, Patyegarang, take koya masa. Littattafan suna Landan, a Makarantar Nazarin Gabas da Afirka, wadda masu nazarin Hausa suka sani sarai.

Mai lura zai ga cewa a cikin masu zanen nan uku babu Bagadigale ko ɗaya, kuma wannan ba ƙaramar mas'ala ba ce a wurin mutanen da ke da ƙa'idar kirda da kurdungurlu. Ɗan Aborijin da ya zo daga wata ƙasa, baƙo ne shi ma. Ba zai kwaso alamun hamada ya liƙa a gaɓar teku ya ce ya girmama masu wurin ba, sai ya zauna da dattawan wurin, waɗanda ake kira Kawu wane da Gwaggo wance ko babu dangantakar jini, ya ji abin da suka yarda a faɗa. Saboda haka ne ma aka bambanta abu biyu a bukukuwan buɗe irin waɗannan ayyuka. Marabtar baƙi zuwa ƙasa, wadda sau da yawa akan haɗa ta da turara ɗanyen ganye a bi ta cikin hayaƙin, haƙƙin magada wurin ne su kaɗai. Iƙrarin cewa ƙasar tasu ce, da gaishe da dattawansu na da da na yanzu, wannan kowa yana iya yi, shugaban jami'a ko ɗalibin da ya zo jiya daga Indiya ko Nijeriya. Zanen bango iƙrari ne irin na biyun, wanda ba ya ƙarewa da tashin taro.

Akwai masu suka, kuma daga ɓangare biyu suke. Waɗansu Turawan ƙasar suna ganin an cika su da tunatarwa a kan laifin da ba su suka yi ba. Waɗannan ba su dame ni ƙwarai ba, domin wanda ke cin amfanin gona ba zai ce tarihin gonar bai shafe shi ba. Sukar da ta fi nauyi daga bakin Aborijin kansu take fitowa, masu cewa fenti ya fi komai araha, kuma hukuma takan so launinsu ta ƙi maganarsu. Suna da dalili. A 1966 an buga zanen wani ɗan Aborijin, David Malangi, a takardar dala ɗaya ba tare da an ko sanar da shi ba, sai daga baya aka ba shi dala 1,000 da lambar girma da kayan kamun kifi. Har yau mafi yawan tsarabar da ake sayar wa masu yawon buɗe ido da sunan zanen Aborijin ba hannun Aborijin ne ya yi ta ba. Ƙidayar 2021 ta nuna su da mutanen tsibiran Torres sun kai kimanin 812,000, wato kashi 3.2 cikin 100 na jama'ar ƙasar, alhali kuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na manyan da ke kurkuku daga cikinsu suke. Ranar 14 ga Oktoba 2023 kuma, da aka tambayi jama'a a ƙuri'ar raba gardama ko a kafa musu majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki, kimanin kashi 60 cikin 100 suka ce a'a, babu jiha ko ɗaya cikin 6 da ta amince. Wanda ya wayi gari da wannan sakamako, sa'an nan ya bi ta gaban bango mai ɗauke da sunan kakanninsa, yana da haƙƙin ya ji ɗaci.

Duk da haka ban ga alheri a cewa a bar bangon fari ba. Yarinyar da ta taso daga ƙauyen da ke nisan kilomita dubbai, ita ce ta farko a gidansu da ta taka jami'a, idan ta ga alamar da ta sani a ginin da take tsoron shiga, wannan ba ƙaramin abu ba ne a gare ta. Baƙon ɗalibi kuma, wanda da zai yi shekara huɗu ya tafi bai taɓa jin sunan Gadigal ko Wurundjeri ba, bango yakan sa shi tambaya. Abin da ya wajaba shi ne a riƙa bin jami'a bashin da ta amsa da bakinta: wa ya ba da izinin labarin, nawa aka biya mai zanen, a hannun wa haƙƙin aikin ya zauna idan aka buga shi a riguna da takardun talla, malamai nawa 'yan Aborijin ke da kujera a majalisar jami'ar, saura ƙasusuwa nawa a ɗakin ajiya.

Akwai kuma tambayar da aka fi mancewa da ita ranar biki, ita ce ta sabuntawa. A yankin Kimberley, inda aka sami zanen kangaru da masana suka ƙiyasta shekarunsa 17,300, zuriyoyin Worrorra da Ngarinyin da Wunambal suna da siffofin Wandjina, ma'abota ruwan sama a itiƙadinsu, waɗanda wajibi ne a kan magada su riƙa komawa suna maimaita musu launi, gama a wurinsu zanen da aka bari ya dushe alama ce ta ƙasar da aka tozarta amanarta. Fentin zamani a bangon siminti ba ya jure rana da ruwa fiye da 'yan shekaru, ma'aikatan gyara kuma suna da jadawalinsu kamar yadda na Papunya suke da nasu. Saboda haka ya kamata tun ranar ƙulla yarjejeniya a rubuta wanda za a kira idan launi ya kwanta, da inda kuɗin zai fito. A unguwar Redfern, a kan titin Lawson daura da tashar jirgin ƙasa, inda dubban ɗaliban Jami'ar Sidni ke bi da ƙafa kowace safiya, akwai dogon bango da Carol Ruff da mutanen unguwar suka zana a 1983, mai ba da tarihin Aborijin tun daga zamanin kakanni har zuwan jirage da rayuwar birni. Ya dushe har ya kusa ɓacewa ana wucewa ta gabansa, sai da mutanen unguwa suka yi ta bin hukumomi kafin a sabunta shi a 2018, shekara 35 bayan zanen farko.